Motar da Ba Ta da Kujerar Baya

Ranar wata Asabar ce, da hantsi, a ƙarshen kakar shekarar da na cika goma sha bakwai, 'yan shekaru kafin Turawa su miƙa mulki. Muna zauren gidanmu na Fagge. Mu huɗu ne a wurin: mahaifina, Malam Bukar, a kan buzunsa; ƙaninsa, Baffa Modu, a gefensa; Malam Ishaya, wanda yake koya mini tuƙi, a kan kujerar baƙi; sai ni, a tsugune a bakin ƙofar shiga cikin gida. Tsakanina da Baba bai fi mutum ya miƙa hannu ya taɓa ba. Duk da haka, da ya tashi magana sai ya juya wajen Baffa.

"Ka gaya wa yaron nan, motoci biyu ne a garejin Sabon Gari. Na ga duka biyun. Wanda zai ja, shi zai zaɓa. Abin da ya ce, na ce."

Baffa ya juyo ya maimaita mini tiryan-tiryan, kamar ba na wurin aka faɗa. Na ce na ji, na gode. Da haka aka tashi.

Na fara da wannan zama ne saboda labarin motar ya iso muku ta bakin Baffa, Allah ya jiƙansa, kuma kun sha jinsa a wurin suna da biki: wai an aiki yaro sayen mota, mai gareji ya yi masa daɗin baki, ya bar motar manya ya kwaso ta dakon fata. Baffa bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Amma ba wanda ya yi mini daɗin baki. Idona biyu na zaɓa, na san abin da nake nema, kuma da za a mayar da ni garejin nan yau, ita zan sake nunawa.

Sai kun san yadda gidan yake kafin ku gane. Ni ne ɗan fari a wurin Baba da Inna. Ku da kuka tashi kuna hawa kafaɗata ba ku san nauyin wannan ba. A zamaninmu iyaye suna jin kunyar ɗan fari. Ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi, ba sa zama da shi a tabarma ɗaya, in ya faɗi a gaban mutane wani ne zai ɗaga shi. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, Iya, mahaifiyar Baba, a can na girma. Ita kanta Iya ban taɓa jin sunan Baba a bakinta ba, domin shi ma ɗan farinta ne. "Mai zauren nan" take ce masa. Ba ƙiyayya ba ce, wannan na san shi tun ina ƙarami. Tsokar da ta fi kyau a ragon layya ɗakin Iya take zuwa. Rigata ta sallah tela yake fara yankawa. Da na yi wani zazzaɓi mai zafi ina makarantar Midil, Baba ya wuni a zaure bai fita ba, bai kuma leƙo ba, sai Baffa yake ta aikowa ya dubo jikin. Amma ƙannena suna zama kusa da shi, su ci ragowar kwanonsa, ya kira su da sunayensu, ya yi musu tambaya, ya yi musu faɗa. Ni ko faɗa ne, ta hannun Baffa nake samu.

Sana'ar Baba fata da ƙirgi. Yana saye a kasuwannin ƙauye, a shanya, a ware mai kyau da mai aibi, a ɗaure, a kai wa kamfanonin Turawa da suke kusa da tashar jirgin ƙasa. Jakai da amalanke da motar haya suke yin wannan dakon. Motar da ake magana ba don dako aka yi niyyarta ba. Harka ta buɗe, sa'o'insa biyu sun sayi mota, abokai suna ta ce masa ya isa ya daina zuwa gaisuwa da ƙafa. Shi kuma bai yarda da direban haya ba, ya ce ba zai ba baƙo wuyansa ba. Na gama Midil, ana maganar in tafi Zariya ƙaro karatu, sai aka ce kafin lokacin in koyi tuƙi, in riƙa kai shi masallacin Juma'a da gaisuwa, in na tafi kuma ƙanina ya karɓa.

Malam Ishaya mutumin ƙasar Zazzau ne, Kirista, yana zaune a Sabon Gari da iyalinsa. Ya ja motar soja a yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, ya dawo ya sayi wata tsohuwar babbar mota, da ita yake yi wa Baba dako. A cikinta na koya, a wani fili bayan Sabon Gari inda yara suke ƙwallo. Lokacin hannun hagu ake bi, sitiyari yana dama, an ɗaura mana jan harafin L ɗin nan na mai koyo gaba da baya. "Ɗan Midil" yake kirana. In na saki kuloci da gaggawa mota ta zabura ta mutu, sai ya ce wai ko jirgin Legas ne zai bar ni. In na taka birki da ƙarfi, sai ya dafe hularsa ya ce haƙoransa kaɗan suka rage, in bar masa na cin nama.

A wannan fili na lura da wani abu da ya fi tuƙin amfani a gare ni. Malam Ishaya ba mai yawan magana ba ne. In ya zo zaurenmu, gaisuwa ce da lissafin ɗauri, ya tafi. Amma da zarar mun zauna a gaban mota, mun ɗauki hanya, sai bakinsa ya buɗe. Kafin in iya ribas na san yadda ya ji tsoron teku a jirgin soja, da yadda matarsa ta fari ta rasu yana can, da abin da ya hana shi komawa garinsu. Na yi ta tunanin dalili har na gano shi. A gaban mota ba wanda yake kallon fuskar wani. Kafaɗa tana taɓa kafaɗa, amma ido duk yana kan hanya, ƙarar inji kuma tana rufe rabin muryar mutum. Abin da ba ya faɗuwa ido da ido, a nan yana faɗuwa. Na riƙe wannan a raina ban gaya wa kowa ba.

Bayan azahar ta wannan Asabar muka tafi garejin, ni da Baffa da Malam Ishaya. Baba bai zo ba. Mai garejin wani Bayarabe ne mai fara'a, Hausa a bakinsa kamar a Fagge aka haife shi. Ya fara kai mu wurin wata baƙar mota. Ta wani Baturen kanti ce da zai koma gida. Ƙofa huɗu, kujerun fata, ɗan labule a gilashin baya, har da madauri a sama da mai mota zai riƙe in an sha kwana. Mai garejin ya buɗe ƙofar baya ya nuna mana daidai inda Baba ya zauna ranar da ya zo, ya ce ya shafa kujerar da tafin hannunsa, ya daɗe bai fito ba. Kafin ya rufe baki Baffa ya shige ya zauna a wurin, ya gyara hannun riga, ya ce ai magana ta ƙare.

Ɗayar tana can gefe kusa da tulin tayoyi. A-kori-kura ce, koriya, fentinta ya koɗe, bodin katako a baya, ƙofa biyu, a ciki kuma doguwar kujera guda ɗaya tak. Kuɗinsu ba su yi nisa da juna ba. Malam Ishaya ya buɗe injin kowace, ya saurara, ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya ce ba wadda take da ciwo. Baƙar ta fi ƙuruciya, koriyar ta fi tashi daga ƙasa. Ya ce shi iyakarsa ke nan, ba shi aka ce ya zaɓa ba.

Na ja duka biyun, na zagaya layin garejin da kowace. Gaskiya ɗaya ce, baƙar ta fi daɗin ja nesa ba kusa ba. Giyarta tana shiga kamar ana yanka man shanu, in ka taka rami ba ka ji a bayanka. Amma da na ɗaga kai na duba madubi, sai na hango hular Baffa can baya, nesa, bayan jingina mai kauri. Na ga yadda abin zai kasance. Baba zai zauna a nan, ni a nan, ƙeyata kawai zai riƙa gani, in yana son a tsaya ya gaya wa wanda yake gefensa, shi kuma ya gaya mini. Zaurenmu ne aka sa wa taya. Da muka shiga koriyar kuwa, Baffa ya matsu da Malam Ishaya, Malam Ishaya ya matsu da ni, har ina jin ƙamshin turaren Baffa. Ba baya. Duk wanda zai shiga motar nan, gaba zai zauna.

Na kashe inji, na fito, na ɗora hannu a kan bodin katakon na ce wannan.

Baffa ya ɗauka wasa nake. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya ja ni gefe. Na ba shi dalilai a tsare: za ta ɗauki fata, za mu huta da motar haya, za ta shiga hanyar ƙauye da damina inda baƙar za ta kafe. Duk gaskiya ne, kuma ko ɗaya ba shi ne dalilina ba.

"Motar maigida aka aiko ka saye," in ji Baffa, "ba jaki mai shan fetur ba. Ka ji da kunnenka inda ya zauna."

"Na ji, Baffa. Na kuma ji abin da ka gaya mini da safe. Ya ce abin da na ce, ya ce."

Shi dai ya ɗauko maganar da bakinsa. Kuma ya fi ni sanin ɗan'uwansa. Sunan Baba a kasuwa a kan abu ɗaya ya tsaya: in wakilinsa ya ce ya saya, mai kaya ya ce ya sallama, to an gama, ko da asara ce ba a dawowa. Mai garejin, wanda ake cewa ya yaudare ni, shi baƙar yake so ya rabu da ita. Sau biyu yana tambayata ko na tabbata. Na ce na saya. Ya ce ya sallama.

Baffa ya ƙi shiga, ya ce zai taka. A hanya, ni da Malam Ishaya kaɗai, yana kallon titi ya yi magana.

"Ɗan Midil, na ga kowa yana duba taya, kai kana duba kujera."

Na ci gaba da tuƙi, shi kuma ya ƙara da cewa:

"Ka dai bi a hankali. Dattijo ba giya ba ne da za ka tura da ƙarfi ya shiga."

Labari ya riga mu isa Fagge cewa Malam Bukar ya sayi motar Bature. Yara sun cika bakin lungu, maƙwabta sun fito da tabarmi kamar masu shan iska. Da muka shawo kwana sai hayaniyar ta ragu. Baba ya fito daga zaure. Ya zagaya motar a hankali, ya ƙwanƙwasa katakon, ya duba tayoyin, sannan ya buɗe ƙofar hagu ya tsaya yana kallon kujerar. Ya daɗe. Ina tsaye a ɗaya gefen, ina ganin hannunsa a kan ƙofar. Ya rufe ta a hankali, ya juya wajen Baffa, wanda isowarsa ke nan yana haki, ya ce Allah ya sa albarka. Ya koma ciki. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan maganar ba a ranar.

Iya ce ta tare ni. Kun san wasan kaka da jika. Ita mijinta take kirana. Tana kaɗi a ƙofar ɗakinta, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce an gaya mata mijinta ya sayo motar kai ta gidan biki, ashe ta kai awaki kasuwa ce, to ita a saman buhu za a ɗora ta ko a ƙarƙashi? Na ce amarya irinta mai nauyin baki ai sai motar kaya. Ta yi dariya har mazarinta ya faɗi. Sannan ta ce in zauna, muryarta ta sauya.

"Ni na goye ka, ni za ka ɓoye wa? Baffanka ya ce kujera ɗaya ce. Ka ɗauki mutum mai kunya ka kai shi bango a gaban Fagge kaf."

"Ban tilasta shi ba, Iya. Wuri kawai na yi."

"In bai shiga ba fa?"

"Sai in san bai shiga ba."

Ta dube ni, ta ce taurin kan nan ba daga ɗakinta na ɗauko shi ba, daga zaure ne. Ta ci gaba da kaɗinta.

Abin da zaɓin ya jawo mini ya zo da wuri. Mota mai ɗaukar kaya ba ta zama a inuwa tana jiran Juma'a. Cikin mako guda ta zama jakin gidan. Da safe sito, da rana tashar jirgi, ranar kasuwa ƙauye. Malam Ishaya ya ajiye tasa ya koma gefena, tun da doka ba ta yarda mai koyo ya ja shi kaɗai ba. Rigunana suka ɗauki warin ƙirgi, irin wanda sabulu ba ya fitarwa. Lokacin tafiya Zariya ya zo ya wuce, ba wanda ya tayar da maganar, domin ƙanina bai isa ba kuma aikin ba ya tsayawa. Abokaina na Midil suka tafi, suka dawo hutu da farin wando da Turanci, suka same ni a ƙarƙashin mota ina ɗaure salansar hayaƙi da waya. Wurin da aka ajiye mini a makarantar aka ba wani. Karatun da na ƙaro daga baya, da wahala na ƙaro shi, ina babba, shi ya sa na shiga aikin gidan rediyo a bayan sa'o'ina. Baƙar motar kuwa wani mai sayar da yadi a Kantin Kwari ya saye ta, kuma hanyarsa ta ƙofar gidanmu take. Kullum da safe sai ta wuce, yana baya, ya riƙe madaurin nan, ya ɗaga wa Baba hannu. Baba ya ɗaga masa.

Baba ya shiga koriyar, amma ba yadda na so ba. Kasuwar Dambatta ranar Lahadi take ci, kuma can ne babban wurin sayensa. Malam Ishaya ba ya aiki ranar Lahadi, yana coci, sai ya haɗa mu da wani abokinsa mai lasin. Ranar sauran kasuwanni shi da kansa. Ko wane ne dai, yana tsakiya, Baba yana bakin ƙofa, ya juya fuska waje. In zai yi magana da na tsakiya yake yi: a gaya wa yaron nan ya rage gudu, a gaya wa yaron nan akwai shanu a gaba. Na ce a raina ba komai, lasin yana zuwa.

Ya zo da bazara. Baturen gwaji ya sa na yi ribas tsakanin ganguna, na tsaya a kan tudu na tashi ba tare da na gangara ba, ya sa hannu. Malam Ishaya ya kwance jan harafin da kansa, ya ba ni, ya ce in ajiye wa ɗana. Ya koma babbar motarsa. Sai Baffa ya gaje tsakiyar. Ya yi ta mita, wai sandar giya tana bugun gwiwarsa, amma bai fasa ko tafiya ɗaya ba. Wata rana kuma ina wanke mota a bakin zaure na ji yana ba Baba shawara a fili: tun da yaro ya samu lasin an fita hakkinsa, a sayar da wannan abin, a sayi motar mutunci, a ɗauki direba, shi kuma a nema masa wata makarantar. Baba ya ce a bari tukuna. Bai ce a'a ba. Na gane lokacina ƙidayayye ne.

Ana nan sai aiki ya kai Baffa Nguru a jirgi, aka ce sai tsakiyar mako zai dawo. Lahadi ta zo. Wakilinmu na Dambatta ya aiko cewa akwai saɓani a kan wasu fatu tsakaninsa da mahauta, ba mai raba shi sai Baba. Na fito da mota bayan an karya kumallo, na tsaya a ƙofar gida, na buɗe ƙofar hagu na bar ta a buɗe, na koma na zauna a wurina. Lungun a cike yake, masu koko ba su tashi ba, dattawa suna kan dakali. Ƙannena biyu suna nan a bakin zaure suna wasa.

Baba ya fito da babbar riga da laima a hannu. Ya tsaya. Abu mafi sauƙi shi ne ya kira ɗaya daga cikin yaran ya ce ya shiga tsakiya, kuma abin da na zata zai yi ke nan. Ya dube su, suka miƙe suna jiran a ce su zo. Bai kira ba. Ya ce wa babbansu ya ɗauko buzu ya shimfiɗa a baya. Yaron ya shimfiɗa a kan buhunan da babu komai a ciki. Baba ya zo ya tura ƙofar da na buɗe ta rufu, ya zagaya, ya tattare riga, ya taka taya, ya hau bodin. Ya zauna, ya buɗe laima, ya buga rufin motar sau ɗaya da tafin hannu.

Na tayar. Ban taɓa jan mota a hankali kamar ranar ba. Sai da muka ratsa Fagge daga wannan kai zuwa wancan, mai mota yana baya a wurin kaya, ɗansa yana gaba shi kaɗai a kujerar mutum uku. Ina jin gaisuwar da ake yi masa, ina kuma jin abin da yake biyo bayan gaisuwar. Wani daga kan dakali ya ɗaga murya ya tambaya ko nawa ake sayar da wannan ɗaurin. Aka yi dariya. Baba ya amsa gaisuwar kowa kamar yana kan buzunsa a zaure. Maganar Iya ta dawo mini. Ban ce na yi kuskure ba, amma na ce an ba ni amsa, kuma a gaban jama'a aka ba ni. Na ƙudura in mun dawo zan gaya wa Baffa na yarda a sayar.

Muka bar gidajen ƙarshe, muka shiga gonaki. An yi sharar gona ana jiran ruwa, ba kowa sai wani mai jaki can nesa. Daidai wata tsamiya a gefen hagu sai na ji bugu a rufi, sau biyu. Na tsaya. Na ɗauka zai kama ruwa ne. A madubi na ga ya naɗe laima, ya sauko, ya kakkaɓe riga. Ya duba gaba, ya duba baya. Sannan ƙofar hagu ta buɗe, motar ta ɗan nutsa ta wannan gefen, ya shigo ya zauna, ya ja ƙofa. Bai manne da ita ba kamar yadda ya saba. Ya ajiye laimar a ƙasa, ba a tsakaninmu ba. Idonsa yana kan hanya.

"Direba, mu tafi."

Wannan ce magana ta farko da ya taɓa yi mini ba ta bakin wani ba. Sunana ba zai faɗu a bakinsa ba, sai ya samo wanda zai faɗu. Na sa giya, na saki kuloci a hankali, motar ba ta mutu ba. Mun yi tafiya mai ɗan nisa. Can sai ya nuna sandar giya da haɓa, ya tambaya me wannan ƙarfen yake yi da nake ta ja ina turawa. Na yi masa bayani, ina kallon hanya, yana kallon hanya. Ya ce ashe kamar raƙumi ne, tashi daban, tafiya daban. Na ce haka ne, Baba. Sannan ya ce:

"Waccan baƙar, kujerarta ta fi laushi."

"Ta fi, Baba."

"Amma ka ce wannan."

"Na ce wannan."

"To."

Daga nan ya shiga ba ni labarin yadda mahaifinsa ya taso daga Borno da raƙuma uku da kanwa, da abin da ya sa ya sauka a Fagge bai shiga birni ba. Bai gama ba muka hango rumfunan Dambatta. Kafin mu isa ya ce in tsaya, ya koma baya. A kasuwa, da yana son a matso da mota, wakilinsa ya gaya wa, wakilin ya gaya mini. Da muka juyo, bayan mun bar gari ya buga rufi, ya dawo gaba, ya ɗora labarin daga inda ya tsaya. Daidai tsamiyar nan ya ce, "Direba, tsaya." Ya sauka, ya hau buzunsa, ya buɗe laima, muka shiga Fagge yadda muka fita.

Da Baffa ya dawo daga Nguru ya ji an ce ɗan'uwansa ya hau bayan mota, ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce ga abin da yake gudu. Baba ya ce masa ya huta da zuwa Dambatta, gwiwarsa ta sha wahala, shi kuma ya fi son baya, ya fi iska. Maganar sayarwa ba ta sake tashi ba. Mutanen Fagge sun yi dariyarsu har suka gaji, suka saba, har wasu suka riƙa cewa tawali'u ne. Baffa bai taɓa sanin abin da yake faruwa bayan tsamiya ba, ni ban faɗa ba, Baba kuma ba zai faɗa ba. Iya kaɗai ta tambaye ni, sau ɗaya, ko baya da gaba duk ɗaya ne a motar tawa. Na ce ba ɗaya ba ne. Ta ce to, ta ci gaba da abin da take yi.

Haka muka yi kowace Lahadi, rani da damina, har shekarar da na samu aikin rediyo. Duk abin da nake gaya muku na asalin gidanmu, da sunayen kakanni, da yadda ya ga Inna ya nemi aurenta, a wannan hanyar na ji shi. A gida kuwa ba abin da ya sauya; har ya rasu, in yana da magana da ni a zaure, ta bakin Baffa take zuwa. Da na bar gida aka ɗauki direba. Watan bai ƙare ba Baba ya sayar da a-kori-kurar, ya sayi mota mai kujerar baya.